Abin da Na Tono a Gindin Tafki

Ubana ya yi shekara uku yana haƙa tafki, tafkin kuma bai taɓa yi masa biyayya ba. A gangaren gonarmu yake, yamma da Kuberi, inda ruwan sama ke taruwa kafin ya bi kwari ya wuce. Sau biyu ya kira gayya, ya yanka akuya, mutane suka haƙa rami mai faɗin masussuka uku, zurfinsa a tsakiya ya shanye tsayin mutum. Damina ta zo ya cika fal, kowa ya zo ya yi barka. Ana ɗauke ruwa, ba a yi kwana arba'in ba ƙasa ta shanye abinta, sai busasshiyar laka mai tsaga-tsaga. Haka ya yi ta yi kowace shekara. Lakar sama ce kawai, a ƙarƙashinta rairayi ne, shi kuwa ba ya ƙoshi da ruwa. Mutanen gari suka sa wa ramin suna rariya, har a gaban ubana suke faɗa.

Ya rasu shekara biyu bayan Nasara sun ci Sakkwato. Ya bar mini gona, da Inna, da rariya. Ina da shekara ashirin da 'yan kai, ina da mata da ɗan jariri, kuma geron da gonar ke bayarwa ba ya kai mu bazara. Abin da ubana ya hango tun farko shi ne albasa. In tafki ya riƙe ruwa wata huɗu bayan damina, a yi lambu a bakinsa, a kai albasa kasuwar Jega, gida ya tsaya da ƙafarsa.

Surukina mutumin Aliero ne, manomin albasa tun kakanni, kuma ba ya ɓoye abin da ke ransa. Da na je gaishe shi da bazara, ya ƙullo mini iri a tsumma, ya ajiye a gabana.

Ya ce, "Ga iri na ba ka. In tabkin ga na ubanka ya riƙe ruwa har albasa ta nuna, ka zamna gidanku. In ya tsotse awa yadda yas saba, ka kwaso ɗiyata da uwarka ku zaka Aliero, akwai ɗaki bayan zaure. Ba ni barin ɗiyata tana cin tahwasa da rani ina raye."

Na ce, "To, Baba." Me zan ce? Amma tun daga Aliero har gida ɗakin nan na bayan zaure yake tsaye a idona. Namiji da gemunsa ya bar gonar ubansa ya koma cin tuwon gidan surukai, yara su riƙa nuna shi da baki. Na fi son a ce mini na mutu.

A cikin wannan bazarar wani tsohon Bafillace ya sauka kusa da gonarmu. Daga arewa ya gangaro, daga ƙasar da Faransa suka kama, da matarsa da 'ya'yansa maza biyu da shanun da ba su kai arba'in ba, duk ƙashin haƙarƙari a waje. Mai gari ya nuna musu inda za su kafa ruga. Ba a yi mako ba matarsa ta saba da Inna, ta kawo nono, Inna ta ba ta tsaki, su zauna gindin tsamiya suna hira rabi Hausa rabi Fillanci suna ta dariya. Ni dariyar ba ta yi mini daɗi ba.

Bari in faɗi gaskiya a kaina. Ni mutum ne mai zargi tun ina ƙarami. Inna takan ce ko ruwa aka ba ni sai na sansana. Zamanin kuma ya zo daidai da halina. Wanda jiya ba kowa ba ne, yau ka gan shi da jar hula yana isar da saƙon Nasara. Ka gaisa da mutum a kasuwa, ka dawo kana tunanin wa zai kai wa maganarka. Baƙo kuwa, ba wanda ya san abin da ya koro shi, ko wanda ya aiko shi.

Wata rana da hantsi na tarar da tsohon a cikin ramin ubana. Ya tsuguna, ya ɗebi ƙasa, ya tofa mata yawu yana murzawa tsakanin yatsu. Siriri ne, dogo, sandarsa a gicciye bisa wuya in ya miƙe. Bai ji kunyar ganina ba.

Ya ce, "Kaɗo, wa yag gina wanga?" Kaɗo, haka Fulani ke kiran Bahaushe.

Na ce, "Ubana."

"Allah shi jiƙan shi. Ya gina ɗaki, bai yi daɓe ba."

Na ce, "Baffa, ana yi wa tabki daɓe?"

"Ana yi. Shanu ka yin shi. Ka kewaye ramin da ƙaya, in ruwa ya hwara sauka in sa shanuna su riƙa kwana ciki. Kai kuma ka riƙa zuba musu ɗanyar ciyawa. Kahin kaka ka ga aiki."

Na tambaye shi dami nawa zan ba shi. Al'adarmu ke nan, in makiyayi ya kwantar da shanu a gonarka don taki, kai kake ba shi gero. Sai ya kaɗa kai.

Ya ce, "Ba ni son geronka. In ya riƙe ruwa, ka bar maruƙana su sha da rani, su da 'yan shanun tatsa. Samari su tai gulbi da manya, ni da tsohuwa mu zamna da ƙanana. Ƙahwata ta gaji da tahiya."

Shi ke nan abin da ya ce. Ya faɗi bukatarsa tun ranar farko, ba ƙari ba ragi. Ni kuwa ƙanƙantar bukatar ce ta tsaya mini a wuya. Da ya ce dami goma, da mun yi ciniki, mun daidaita a shida, na kwana da minshari. Amma mutum ya ba ka garke guda wata uku, ya ce ladansa maruƙa su sha ruwa? Na ce a raina, akwai sauran magana a cikin rigar tsohon nan.

Da na gaya wa Inna, ta dube ni sama da ƙasa. Ni ne ɗanta na fari, ba ta kama sunana.

Ta ce, "Kai wanga, mi kaka da shi cikin ramin ga da za a sace? Kwaɗi?"

Na tashi na je na saro ƙaya.

Ruwan farko ya sauka, gindin ramin ya jiƙe, tsohon ya koro shanunsa ciki. Kullum da yamma, bayan na taso daga noma, in yi ta yankan ciyawa har hannuna ya yi kanta, in zuba musu a tsakiyar ramin. Rabi su ci, rabi su tattake. Tsohon ya ce wanda suka tattake ɗin ma shi ake so. Ya sa na ƙara da ganyen tafasa da ruɓaɓɓen kara. Shanun su kwana suna juyi, suna kashi, suna fitsari, kofatansu na nutsewa suna fitowa, har laka da kashi da ciyawa suka zama abu guda, baƙi ƙirin, mai santsi, mai wari. Warin nan har cikin gida. Matata ta daina shanya wanki a wannan gefen.

Da ruwa ya fara taruwa a tsakiya, sai ya ce in daina zuba ciyawa a can, in matsa da ita sama kaɗan, a zagaye. Shanu suka bi ciyawa, suka tattake wannan zagayen. Ruwa ya ƙaru, muka ƙara matsawa. Haka muka yi ta hawa gefen ramin, zobe bayan zobe, ruwa na biye da mu. Mutanen gari sukan tsaya a bakin shinge suna toshe hanci. Wani ya ce da rariya muke da ita, yanzu mun sami salga. Na ji, na haɗiye.

Ban bar shi ya yi aikin nan shi kaɗai ko rana ɗaya ba. Ba don taimako ba, don in sa ido. Ina lura da inda yake tsayawa, da abin da yake cewa shanunsa, da abin da ke rataye a wuyansa. Kuma wata rana na ga abin da nake nema. Lokacin ruwan bai wuce gwiwa ba. Ya fitar da shanu kiwo da safe, ya dawo shi kaɗai, bai san ina bayan tsamiya ba. Ya tsaya ya daɗe yana kallon ruwan. Sai ya tsuguna a gefe ya dunƙula wani abu da hannu biyu, girman ƙwallon goruba uku, bakinsa na motsi. Ya naɗe riga, ya shiga har tsakiya, ya sunkuya, ya cusa hannu har kafaɗa. Ya danna abin, ya miƙe, ya tattake wurin da diddige ya fi sau ashirin. Na auna wurin da ido: daidai tsakanin tsamiya da wani tsohon suri da ke hayin can.

Ban tambaye shi ba. Wannan ita ce wautar farko. Da na buɗe baki na ce, "Baffa, mi kas sa?" da ya gaya mini a tsaye. Amma mai zargi ba ya tambaya, gani yake in ya tambaya an gane shi. Na ajiye abin a cikina yana ta girma.

Da kaka ta yi, tafki ya cika har baki, aka fitar da shanu, aka janye ƙaya. Samarin suka kora manyan shanu suka nufi gulbi. Tsohon ya kira ni bakin ruwa.

Ya ce, "Kaɗo, ga tabkinka. Abu guda za ni gaya maka. Ɗebi ruwa da ƙwarya, ɗebi da tulu, shiga da ƙahwa in kana so. Amma kak ka bari ƙarhe ya taɓa gindinai. Ko hauya, ko dagi, ko mashin kamun kihi. Ka ji?"

Na ce, "Don mi?"

Ya ce, "Don kak ka ɓata abin da ad ciki."

Abin da ke ciki. Shi daɓensa yake nufi. Ni kuwa kunnena dunƙulen nan ya ji. Kowa ya san asiri ba ya shiri da ƙarfe.

Kwana arba'in suka wuce, tafki na nan. Kwana sittin, yana nan. Na kafa kara a gefe ina duba shi kowace safiya, abin da yake raguwa bai wuce abin da rana ta sha da abin da na ɗiba ba. Na yi komaye a bakinsa, na dasa albasa, ni da matata muna ban ruwa da ƙwarya safe da yamma. Lawashi ya miƙe kore shar. Masu cewa rariya suka koma aiko 'ya'yansu mata da tuluna. Inna takan zo ta zauna bakin ruwan, na san ubana take tunawa. A hayin can kuma, kowace la'asar, tsohon ya gangaro da maruƙa goma sha da 'yan shanun tatsa su sha, ya ɗaga mini sanda, in ɗaga masa hannu. Ya kamata a ce lokacin nan ne na fi kowane lokaci farin ciki a rayuwata. Wallahi ban ji daɗinsa ba ko na yini ɗaya.

Sai na je kasuwar Jega sayen gishiri. A rumfar masu gishiri na tarar ana maganar rangadi. Wai Bature na yawo da mutanen hakimi da igiyar awo, ƙauye ƙauye, suna fitar da burtali. Wai duk ruwan da suka tarar da sawun shanu a bakinsa sai su ce mashaya ce, a yanka hanyar shanu mai faɗi ta cikin gonar kowa har bakin ruwan, ba mai ikon dasa ko barkono a wurin. Wani ya ce an yi wa wani mutum haka a wajen Katanga. Na tambaye shi ko ya san mutumin. Ya ce a'a, amma wan matarsa ya ji daga wanda ya gani. Wani kuma ya ƙara da cewa Fulani sun riga kowa sanin wannan, shi ya sa suke neman ruwan mutane da lalama. Na manta gishirin a rumfar, sai da aka bi ni da shi.

A hanyar dawowa na ratsa ta Aliero, na ba surukina labarin tafki. Ya yi murna, ko ya nuna ya yi. Sai ya tambayi abin da na ba makiyayin. Na ce ba komai.

Ya ce, "Ba komi? Bahillace ya ba ka shanunai wata ukku, ba komi?" Ya gyara zama. "To. Allah shi sa alheri na."

Shi ma na zarge shi. Na ce a raina, so yake in kori tsohon, tafki ya lalace, 'yarsa ta dawo kusa da shi. Kun ga irin kaina. Na zargi mai maganar, kuma na ɗauki maganar na tafi da ita gida.

Daga ranar komai ya haɗu mini wuri ɗaya. Bai karɓi gero ba don tafkin gaba ɗaya yake so. Ya kawo maruƙa kullum don a tarar da sawu. Ya binne abu a tsakiya don ruwan ya zama na shanu, ya juya zuciyar duk wanda zai yi hukunci. Ya hana ƙarfe don kada a karya abin. Matarsa ta kama Inna da nono don a rufe mana baki. Ko ɗaga sandar da yake yi mini, sai na ga kamar dariya yake. In na kwanta sai in ga burtali ya ratsa komayen albasata, ni kuma ina ɗaure kaya zuwa ɗakin bayan zaure.

Na gaya wa Inna rabin abin. Ta ajiye mazarin da take kaɗi.

Ta ce, "Shekara ukku ubanka na kallon ramin ga yana bushewa. Yau ga ruwa, kai kuma ka rasa abin yi sai neman wanda yac cuce ka. Tsohon ga mi yac ci maka? In kana da magana, ga rugarsu can, tai ka tambaye shi."

Na ce, "Wanda yab binne abu shi ka hwaɗin ya binne?"

Ta ce, "Kai dai Allah shi sawwaƙe maka."

Ban yi niyyar ɓata tafki ba, wannan ko a gaban Allah zan faɗa. Niyyata in cire abin da ya binne, ruwa ya zama nawa ni kaɗai, in ya so ya ci gaba da kawo maruƙansa har in ga yadda zan yi da shi. Na zaɓi ranar kasuwar Maiyama, da na san ya tafi da matarsa, Inna da matata kuma sun shiga gari gidan suna. Rana tsaka na ɗauki dagin ubana, wanda ya haƙa ramin da shi, na tuɓe riga na shiga.

Ruwan ya kawo mini ƙugu, sanyi ƙarara. Ƙasan santsi kamar an shafa man shanu, ƙafa ba ta nutsewa. Na tsaya tsakanin tsamiya da suri, na caka dagi. Ya ɗan yi tauri, sai ya wuce sulum. Ban ji komai ba. Na zare, na matsa taki ɗaya, na caka. Na sake. Baƙin ruwa na tasowa da kumfa da wari. Ban ƙirga ba, amma na caka ya fi sau ashirin, ina banƙarawa ina laluba da ƙafa. Can na ji wani tudu ƙarƙashin diddigena. Na sa dagi a gefensa na banƙare, na nutsa har kaina, na ciro shi da hannu biyu.

Na fito gaci ina karanto duk addu'ar da na sani. Na ajiye shi bisa ciyawa, na sa tsinken kara na fara buɗewa, ina jiran ƙaho ko laya ko gashin wutsiya. Laka. Na ƙara buɗewa. Kashin shanu da ciyawa. Na farfasa shi da hannu, na murje shi kaf tsakanin yatsuna, har na sansana. Laka ce da kashin shanu da ciyawa, an dunƙule su tamau. Babu komai bayan wannan.

Ina zaune ina kallon hannuna, sai na ɗaga kai. A tsakiyar tafki, 'yan tsinkayen ciyawa da na tayar suna zagayawa a hankali, wuri ɗaya, kamar an juya kunu.

Na koma da gudu. Na laluba da ƙafa, na ji rami, faɗin bakin tulu, yana jan ruwa, yana jan yatsuna. Tsohuwar hanyar gara ce da ta taso daga surin nan ta bi ƙarƙashi. Ita tsohon ya gani tun ruwa na gwiwa, ita ya toshe. Na kwaso laka daga gefe na cusa, na tattake. Ta zurma. Na sake cusawa da ciyawa, ta ɗan tsaya. Amma sauran hujojin fa, ashirin da wani abu, a cikin baƙin ruwa, ni kaina ban san inda suke ba. Na yi ta tattaki ni kaɗai har la'asar, da ƙafa biyu, a inda shanu arba'in suka yi wata uku. Na fito, na wanke dagi, na mayar da shi bayan rumbu.

Da safe karan da na kafa ya nuna ruwa ya sauka kamu guda. Washegari kamu biyu. Matata ta ce ko rana ce ta yi zafi. A rana ta uku tsohon ya gangaro da maruƙa, ya tsaya, ya dubi baƙar lakar da ta bayyana a gefe. Bai ɗaga mini sanda ba. Ya naɗe riga ya shiga, yana tafiya a hankali yana laluba da tafin ƙafa. Ya tsaya nan, ya tsaya can. Ya daɗe. Da ya fito ya zagayo har inda nake cikin komaye da ƙwarya a hannu.

Ya ce, "Wanga aikin dagi na."

Na ajiye ƙwaryar a ƙasa.

"Mi kaka nema?"

Na ce, "Abin da kab binne, Baffa."

Ya dube ni. Na so ya zage ni, ko ya ɗaga sandar nan ya sauke mini. Bai yi ba.

Ya ce, "Ka ishe shi?"

"Na ishe."

"Mi na na?"

"Kashin shanu."

"Shi nis sa."

Na roƙe shi ya gyara. Na ce zan ba shi gero, dami nawa yake so. Ya ce ba maganar gero ba ce. Daɓen ya huje ta ko'ina, kuma ba a yin sabo sai da ruwan sama da ɗanyar ciyawa da garke, ga shi rani ya raba, manyan shanu suna gulbi. Sai wata damina, in da rai. Ya juya ya dubi maruƙansa suna shan abin da ya rage.

Ya ce, "Da na san haka, da na bi samari tun kaka, lokacin da akwai ruwa bisa hanya. Yanzu kwana biyu za mu yi da ƙananan ga kahin mu ga gulbi." Ya gyara sandarsa. "Kaɗo, ai da ka tambaye ni."

Bayan kwana biyu suka tashi. Matarsa ta biyo ta yi sallama da Inna, suka riƙe hannun juna suna kuka. Daga baya na ji a bakin masu zuwa Jega cewa maruƙa uku ba su kai gulbi ba. Da damina ta zagayo bai dawo wajenmu ba, kuma ban sake ganinsa ba.

Tafkin ya ƙafe cikin kwana goma sha biyu. Albasa ta fara kai, girman ƙwan zabo, saura wata guda da 'yan kwanaki ta nuna. Na yi ta jido ruwa daga rijiyar gari da tulu, tun safe har rana ta faɗi, har matan gari suka kai ƙara wajen mai gari cewa zan ƙafar musu da rijiya. Lawashi ya yi rawaya, ya kwanta. Na tone abin da ya samu, bai cika kwando biyu ba.

Ban gaya wa Inna ba, ita ma ba ta tambaye ni ba. Amma ranar da muke ɗaure kaya, ta zagaya bayan rumbu ta ɗauko dagin. Wankin da na yi masa bai kai ga inda ƙarfe ya haɗu da ƙota ba, baƙar laka ta bushe a wurin. Ta kankare ta da farce, ta duba, ta sansana. Sai ta miƙo mini.

Ta ce, "Riƙe. Na ubanka na."

Daga nan har muka isa Aliero ba ta ƙara ce mini uffan ba.

Shekara tara na yi a ɗakin bayan zaure. Surukina bai taɓa goranta mini ba, wannan ma wani zargin ne da na ɗauka a banza. A can Inna ta rasu, a can aka binne ta, nesa da ubana. Baturen da igiyar awonsa kuwa, har na bar Kuberi ba wanda ya ga ƙeyarsa a wajen, kuma ba a taɓa yanka burtali ta gonar ba.

Gonar da aka bari shekara da shekaru, mai gari ya ba wani. Mutumin ya ga yadda muka yi, ya kira wasu Fulani da damina, ya kewaye ramin da ƙaya, ya zuba ciyawa. Na bi ta wurin sau ɗaya, bayan na yi furfura, a tsakiyar bazara. Ruwa na nan har gwiwa, albasa a wannan gefe, maruƙa na sha a wancan. Na tambayi wata mata mai ɗiban ruwa ko tafkin wane ne, don in ji abin da za ta ce. Ta faɗi sunan mutumin. Na ce wa ya haƙa shi. Ta ce ai shi ne, tun da can.